Tambayoyin Masu Karatu: In dasa wa Cressidar Baba sabon inji?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina da Cressida ƙirar 1991 wacce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari, injin 22R ne mai kafireta, jikinta lafiya lau ba tsatsa ko ɗigo. Amma yanzu tana shan baƙin mai tana hayaƙi, in na kunna esi na hau hanyar dutsen Hada zan tafi Ɗa'if sai allurar zafi ta miƙe. Wani abokina ya ce in je tashlih, wato kasuwar kayan tsofaffin motoci, in sayo injin 2JZ a dasa mata kawai in huta. Ya kake gani? Daga wani mai karatu, Shari'u Mansur, Makka.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba ya kai haske kabarinsa. Abokin naka bai yi ƙarya ba, amma kalmar "kawai" ɗin nan ita ce ta ba ni dariya, don a wannan aikin injin shi ne abu mafi sauƙi da za ka saya, sauran tarkacen da ke bin bayansa su ne ke cinye riyal.

Ka yi sa'ar mota dai. Cressida sunan da Toyota ta ba Mark II ne a ƙasashen waje, kuma irin wannan bodin naka a can Japan tun 1990 ake fito da shi da 1JZ daga kamfani, mai silinda shida a jere, lita 2.5, shi kuma 2JZ yayansa ne mai lita 3, to ka ga gidan injin zai ɗauka ba sai an yi ta yanke-yanke da walda ba. Amma ƙafafun injin 22R ba za su zauna masa ba, sai an nemo na JZ, sannan a duba tukunyar baƙin mai ta ƙasa, wata gaba take da ciki wata baya, in ka ɗauko wacce ba ta dace ba za ta zauna kan ƙarfen sitiyari, ka ga an koma tashlih ke nan.

Sai maganar fetur, nan mutane suka fi mantawa. Kafireta da ɗan tsiyayen mai take aiki, shi kuwa injin nozul yana son mai da matsi wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), dole sabon famfon mai, sabuwar filtar mai, da layin da zai mayar da rarar mai tanki, kuma kar ka yarda wani ya haɗa maka da tsohon tiyo, wallahi haka motoci ke kama wuta a kan titi. Ga burenbos, wato kwamfutar inji, da wayoyinsa, in injin na baya-bayan nan ne mai VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗewar bawul) sau da yawa burenbos ɗin ba ya yarda ya tashi sai da makullinsa na asali mai ɗan cif a ciki, sau nawa aka ga mutum ya sayo inji tsirara mota ta yi wata uku a warsha, wato gareji, ana jiran rewaya ya gano bakin zaren. Shi ya sa in za ka saya ka sayi komai daga mota ɗaya, inji da giya da waya da burenbos da makulli. Ni da Lexus GS300 ta nan yankin zan nema, tuƙin hagu ce kamar taka, su kuwa injinan Japan da ake shigowa da su ta Sharja na tuƙin dama ne, wayar sai an ƙara mata tsawo an juya ta.

Kuma ka tuna 22R ɗinka dokinsa ɗari da 'yan kai ne, 2JZ ko marar tarbo ya haura 200. Birkin da aka yi wa na farko shi za ka sauko da shi daga Hada da na biyu? A gyara birki, a sake lagireto babba da fanka mai ƙarfi, a daidaita furofela da sabuwar giya, esi ma sai an sake masa tiyo.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya ka fara zuwa murur, wato ofishin 'yan sandan hanya, ka tambayi ƙa'idar canja inji, don a ƙasar nan gyaran da ya sauya mota daga yadda take ba tare da izini ba mukhalafa ne, wato karya doka, kuma in fahas, wato gwajin lafiyar mota, bai wuce ba istimara, takardar rajistar mota, ba za ta sabuntu ba, mu da muke baƙi da ikama, wato takardar zama, ba ma son abin da zai kai mu ga dogon bayani. Ka gaya wa masu ta'amin, wato inshora, su ma.

Amma in ra'ayina kake so, ni ba zan taɓa ta ba. Abin da ka lissafa, shan baƙin mai da hayaƙi, yawanci ringi ne da robobin bawul suka gaji, zafin kuma sau da yawa lagireto ne ya toshe ko fanka ta saki, 22R inji ne mai jimiri da kowane tsohon makanike a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya san shi kamar yunwar cikinsa. A fara gwada matsin silinda huɗun, in bulok ɗin lafiya a sauke shi a sake ringi da metal da gasket da sarkar tayimin, a wanke kafireta. Cressida mai tsabta da injinta na asali samarin Saudiyya nemanta suke ido rufe, ranar da ka dasa mata wani injin ka rage masu saye.

In kuma zuciyarka ta riga ta tafi ga 2JZ, to kar ka bari mai warsha ya riƙe tsohon injin a bakin ladan aiki, ka zuba masa mai a ramukan fulogi, ka naɗe shi da leda tare da giyarsa ka ajiye a gida.