Tambaya da Amsa: Tallafin da Amurka ke bayarwa don koya wa mahaƙa tsira da rayukansu

Wasiƙun wannan makon sun taru ne kan abu ɗaya, wato kuɗin da gwamnatin Amurka ke rabawa duk shekara domin horar da masu haƙar ma'adinai. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su.

Wani malamin makaranta daga Bukuru ya rubuto: "Na ga sanarwar wani tallafi mai suna Brookwood-Sago. Mene ne shi, kuma mahaƙan ake raba wa kuɗin?"

Malam, ko sisi ba ya shiga aljihun mahaƙi. Kuɗin na masu koyarwa ne: gwamnatocin jihohi, jami'o'i, kwalejoji da ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Su ne za su shirya darussa, su buga littattafai, su haɗa bidiyo, su tara ma'aikata su koya musu. Hukumar da ke riƙe da lalitar ita ce MSHA, mai kula da lafiyar mahaƙa a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, kuma dokar shekarar 1977 ce ta kafa hukumar.

Tallafin iri biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Babban shi ne na jihohi, wanda sashe na 503 na waccan doka ya tanada. A 'yan shekarun nan yana kai wa dala miliyan 10 da rabi, ana raba shi ga kusan dukkan jihohi har da al'ummar Navajo, 'yan asalin ƙasar. Sharaɗinsa shi ne gwamnatin tarayya ba ta biyan fiye da kashi 80 cikin 100, jiha ta kawo sauran 20. Na biyun shi ne wanda ka gani, kuma ƙarami ne ƙwarai: daga 2021 zuwa 2024 kusan dala miliyan 1 ne duk shekara, akwai shekarun da bai kai rabin haka ba. Gasa ake yi a kansa, kuma ba a cika ba wanda ya ci ƙasa da dala 50,000 ba.

Sunan kuwa na wurare biyu ne da aka yi asarar rayuka. A ranar 23 ga Satumban 2001, rufin rami ya rufto kan wurin cajin batir a wata mahaƙar kwal da ke Brookwood a jihar Alabama, tartsatsi ya kunna iskar gas. Abokan aiki suka ruga don ceto wanda ya jikkata. Kafin awa ta cika sai fashewa ta biyu, wadda ta fi ta farko muni, ta rutsa da su. Mutum 13 suka rasu. Sai mahaƙar kwal ta Sago a jihar West Virginia, ranar 2 ga Janairun 2006, inda 12 suka rasu. A watan Yunin 2006 ɗin majalisa ta yi sabuwar doka kan agajin gaggawa a mahaƙai, a cikinta aka ƙirƙiro tallafin, aka kuma ce a fi mai da hankali kan ƙananan mahaƙai, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar malami na kansu.

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya: "To me ake koyarwa da har zai ci wannan kuɗi? Ai ɗan littafi ya wadatar."

Ɗan'uwa, abin da ya faru a Sago shi ne amsarka, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

Mutum ɗaya ne ya rasu jim kaɗan bayan fashewar. Sauran 12 sun fita daga cikinta da ƙafafunsu. Da suka ga hayaƙi da ƙura sun cika hanya, sai suka koma ƙuryar wurin aikinsu, suka rataya labulen roba suka killace kansu, suna dukan ƙusoshin rufi da guduma ko za a ji su daga sama. Haka aka koya musu. Masu ceto ba su iso ba sai bayan awa 40 da wani abu, suka tarar da mutum ɗaya kaɗai yana numfashi. Abin da ya kashe sauran shi ne iskar kabon monoksaid, ita ce dai gubar hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda cikin barci idan aka kunna shi a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari.

Kowannensu yana ɗauke da na'urar numfashi ta ceton kai a ƙugu, wani ɗan akwatin ƙarfe mai ba da iskar shaƙa ta kimanin awa ɗaya. Wanda ya tsira ya ce huɗu daga cikin na'urorin sun ƙi aiki. Ko a ina laifin yake, binciken ya fito da wani giɓi a fili: ana koya wa mutane yadda ake saka ta, ba a koya musu yadda ake ji idan an saka ba. Akasarin irin wannan na'ura sinadari ne a ciki, wanda danshin numfashin mutum ke tayarwa ya saki iskar shaƙa. Jakar ba lallai ta kumbura tim kamar balan-balan ba. Iskar tana zuwa da ɗumi, tana busar da maƙogwaro, jan numfashi yana nauyi, yana ƙara nauyi idan mutum ya yi sauri. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba, yana cikin duhu da firgici, zai rantse ta lalace, ya tofar da abin bakin. Shaƙa kaɗan a cikin hayaƙi mai kauri ta isa ta kayar da shi.

Matakan sakawa shida ne, uku na ceton rai, uku na gyara. Mutum zai durƙusa, ya ajiye akwatin a gabansa, ya cire hular kwano ya aje ta yadda fitilarta za ta haska masa, ya buɗe ya rataya igiyar a wuya. Sai ya kunna iskar, ya cusa abin baki ya datse da haƙora, ya maƙala matsin hanci. Bayan huhu ya rabu da iskar waje, sannan tabarau, ɗaure igiyoyi, mayar da hula. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: mance matsin hanci, da cire abin baki don yin magana. Shi ya sa ake koyar da alamun hannu da rubutu. Yanzu doka ta ce a yi atisayen sakawa da na ficewa duk wata uku, sau ɗaya a shekara kuma a yi shi cikin hayaƙin gwaji ko abin da ya yi kama da shi, mutum ya yi numfashi ta na'urar koyo mai ɗumi da nauyi irin na gaske. An kuma juya tsohon darasi: a fara neman hanyar fita, ana bin igiyar da aka shimfiɗa mai ƙulle-ƙullen roba da hannu ke gane gabas da su a duhu. Killace kai sai in duk hanyoyi sun toshe.

Littafi ba zai yi wannan ba. Ana bukatar ramin koyo, injin hayaƙi, na'urorin gwaji da ake wankewa ana sauya musu sassa, da malami mai tsayawa kan kowane mutum. Nan kuɗin ke tafiya. Akwai kuma lambobin da ake so su zauna a kai kamar karatun sallah: iskar metan, wato gas ɗin ramin kwal, tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar rami, amma tun tana kashi 1 ake kashe injuna a gyara hanyar iska, a kashi 1.5 kowa ya fice. Iskar shaƙa kada ta gaza kashi 19.5.

Kada ka ɗauka duk maganar ramin kwal ce. Mafi yawan mahaƙan Amurka a sarari suke, na yashi da tsakuwa da dutse, kuma manyan motoci da bel mai jan kaya na cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a can. Direban babbar motar ɗaukar dutse ba ya ganin ƙaramar mota da ta tsaya dab da gabansa. Mai gyaran bel ya sa hannu bai kashe wuta ya sa kwaɗonsa a makunni ba, wani ya zo ya kunna. Ga ƙurar dutse mai cinye huhu a hankali, wadda a 2024 hukumar ta fitar da dokar rage iyakarta zuwa maikirogiram 50 a kowace mita ɗaya ta iska tsawo da faɗi da zurfi. Sanarwar kowace shekara takan faɗi batutuwan da aka fi so, kuma waɗannan sukan fito.

Wata baiwar Allah da ke zaune a Amurka: "Maigidana ya samu aiki a wurin fasa dutse. An ce sai ya yi horo. Mu za mu biya? Kuma ƙungiyarmu ta mazauna nan za ta iya neman tallafin don a koyar da mutanenmu da Hausa?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a aikin. Ba ku za ku biya ba. Horo wajibi ne a kan mai mahaƙa, kuma awannin da maigida zai yi a aji ana biyansa su kamar yana bakin aiki. Sabon ma'aikaci a mahaƙar sarari awa 24 ne, na ƙarƙashin ƙasa awa 40, kowa kuma sai ya yi bitar awa 8 duk shekara. A wuraren yashi, tsakuwa da fasa dutse, dole ya samu aƙalla awa 4 kafin ya taɓa aiki, a cike sauran cikin kwana 90, kuma kafin ya kammala yana aiki ne inda gogaggen ma'aikaci ke ganinsa. Duk lokacin da aka sauya masa inji, sai an koya masa wannan injin daban.

Ya tabbata an ba shi shaidar kammalawa, yawanci takarda ce mai lamba 5000-23, ya adana kwafinsa. Kada ya sa hannu kan awannin da bai yi ba, komai lallashin da za a yi masa, don shaidar ƙarya laifi ne da ake hukuntawa. Idan sufeto ya tarar da ma'aikacin da ba a horar ba, zai fitar da shi daga wurin har sai an horar da shi, kuma doka ta hana a kore shi ko a yanke masa albashi saboda haka. Wanda aka tsangwama don ya yi ƙorafi kan haɗari yana da kwana 60 ya kai ƙara.

Batun ƙungiya kuwa, ƙofa a buɗe take idan tana da rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba a can. Ana farawa da rajista a shafin intanet na gwamnati, SAM.gov, don samun lambar shaida. Kyauta ce, amma tana iya cin makonni, ana kuma sabunta ta duk shekara. Masu nema da yawa a nan suke faɗuwa: sai ana gobe rufewa su gane rajistarsu ta mutu. Bayan nan a yi rajista a Grants.gov, a cike takardar SF-424 da ta kasafi SF-424A, a haɗa da bayanin aikin. Bayanin ne ke ci ko faɗuwa. "Za mu wayar da kan mahaƙa" ba magana ba ce. Ana son a ji mutum nawa, a mahaƙai nawa, wane haɗari, wa zai koyar, da yadda za a auna ko sun koya, misali jarrabawa kafin darasi da bayansa. Jimillar kasafi ta yi daidai da abin da aka rubuta a bayani, kobo da kobo. Wanda ya ci zai riƙa kai rahoton aiki da na kuɗi duk wata uku, kuma hukumar na duba kayan koyarwar kafin a raba su.

Gaskiyar magana, ƙaramar ƙungiya da ba ta da malamin da ya san haƙa da wuya ta kayar da jami'ar da ta shekara ashirin tana wannan aiki. Shawararmu ku tuntuɓi ofishin da ke riƙe da tallafin jiharku, ku ce kuna da masu fassara. Horonsu kyauta ne ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shugaban wata ƙungiyar masu haƙar zinare daga Anka: "Mu ma za mu iya nema?"

A'a, Alhaji. Na mahaƙan cikin Amurka ne kawai. Duk wanda ya zo ya ce a kawo kuɗin fom zai samo muku shi, ɗan damfara ne.

Abin da za ku iya ɗauka shi ne kayan koyarwar, don da yawansu suna intanet kyauta. Sai dai a zaɓa da hankali, domin haɗarinku daban ne. Ba mu za mu ba ku labarin 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a busasshe a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A Ɗan Isa ta jihar Maraɗi kuwa ruftawar rami ce ta kashe mutum 18 a Nuwamban 2021. A gida, ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce sashen ƙananan mahaƙa na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, don dokar 2007 ta tanadi taimakon ƙwararru ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa masu rajista.

Kafin nan, tsarin awa 4 kafin a fara aiki ba ya bukatar dala. Kada sabon yaro ya shiga rami sai wani tsohon hannu ya zauna da shi ya nuna masa abubuwan nan. Injin jan ruwa mai fetur a sama yake zama, tiyo ne ke sauka, don hayaƙinsa a rami shi ne gubar Sago. Kyandir ko fitilar a-ci-bal-bal ba ta nuna wannan guba, tana ci lafiya lau mutum yana mutuwa. Idan wani ya faɗi a ƙasa, ba a bin sa da gudu, sai an hura iska an ɗaura wa mai sauka igiya, da mutane a sama suna riƙe. Ƙasar da aka haƙo a zuba ta nesa da bakin rami, don nauyinta ne ke karya gefen. Bayan ruwan sama a duba tsagewa da katakon tokara kafin kowa ya sauka, in ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan ko katako yana ƙara, a fito. A jiƙa dutse kafin a niƙa, a yi niƙan a wajen gari, a yi wanka a sauya kaya a can, takalmin aiki kada ya shiga tsakar gida. A samu littafi ɗaya a bakin rami, ana rubuta sunan wanda ya sauka da lokacin da ya fito.