Dansite ɗaya, amma ledar na fashewa

Tambaya: Malam, ina aiki a wata ƴar izin ta ledar piya wata a nan Yamai. Mun sauya mai kawo mana LLDPE, wato nau'in ƙwayar roba ta polietilen da muke yin ledar da ita, takarda ta ce dansite 0,918 kamar na da, amma yanzu ledar na buɗewa wajen liƙi, patiron ya ce laifina ne. Dillalin ya ƙona ƙwaya da birike ya shinshina ya ce kaya ɗaya ne. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, da wuya laifinka ne. Amma maganar biriken nan ta ishe ni wallahi, duk polietilen in ka ƙona shi warin kyandir yake, HDPE ne ko LDPE ko LLDPE, to hancin dillali me ya auna? Kuma har masu difloma na faɗawa ramin dansite, su ga lamba ta yi daidai su sa hannu. Dansite, wato nauyin abu gwargwadon girmansa, matsakaici ne kawai. Polietilen dogayen sarƙoƙi ne masu ƙananan rassa, a LLDPE kuma sinadarin da ake haɗawa, wato komonoma, shi ke ba da rassan. Buhu biyu za su iya ba ka 0,918, ɗaya komonomarsa buten ne ɗaya heksen ko okten, ko ma komonoma ɗaya amma a wannan rassan sun rabu daidai kan kowace sarƙa kamar yadda katalis (sinadarin da ke ƙulla sarƙoƙin) na metalosen ke bayarwa, a wancan na katalis ɗin Ziegler-Natta wasu sarƙoƙin sun cika da rassa wasu kusan babu, kuma masu rassa da yawan nan su ke fara narkewa su kama liƙi, in rabonsu ya sauya zafin mashin ɗinka na da ba zai yi ba.

Abin da ke nuna rabon rassan shi ne gwajin labo da ake kira CRYSTAF ko TREF. A CRYSTAF a narkar da ƙwayar cikin ruwan sinadarin tirikulorobenzen wajen digiri 160, a sanyaya sannu sannu zuwa 30, sarƙoƙi marasa rassa su fara daskarewa, masu rassa su biyo baya, na'urar infraruj na auna abin da ya rage cikin ruwan. TREF kuwa bayan daskarewa a sake ɗumamawa ana wanko su kashi kashi. In aka yi gaggawar sanyaya sai su daskare a cakuɗe, sakamakon ya yi ƙarya, shi ya sa ake kwana ana yi.

Ka ɗebi gram kaɗan daga tsohon buhu da sabo, ka rubuta lambar lo (lambar rukunin kayan da ke jikin buhu), a tura labo na polima a waje. Kafin nan ka ɗan ƙara zafin liƙin da digiri 5 ka gwada.