Tambaya da Amsa: Ina Kasuwar Motoci ta Dosa?

Tambaya, daga wani direba a Jidda: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina sana'ar tuƙi a garin nan, kuma a da idan mutum ya tsaya a danja, Toyota da Hyundai da Nissan ne ke kewaye da shi. Yanzu kuwa ko'ina ka duba sai MG da Changan da Geely da Haval. Me ya kawo yawan motocin Sin haka, kuma idan na sayar da tsohuwar Camry ɗina, ka ba ni shawarar in sayi ɗaya daga cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Abin da idonka ya gani a titunan Jidda reshe ne na wani babban sauyi da ya faru a duniya baki ɗaya. Tun shekarar 2009 ƙasar Sin ta karɓe matsayin kasuwar motoci mafi girma daga hannun Amurka, kuma a 2023 masana'antunta sun ƙera motoci fiye da miliyan 30, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka ƙera a duniya a wannan shekarar. A shekarar ce kuma ta fitar da motoci kusan miliyan 5 zuwa ƙetare, ta sha gaban Japan wadda ta daɗe tana riƙe da wannan kambu, sannan a 2024 adadin ya doshi miliyan 6.

Dalilin wannan kwarara shi ne masana'antun Sin suna iya ƙera abin da ya zarce buƙatar cikin gida, kuma tun farkon 2023 kamfanonin suka shiga gasar karya farashi a tsakaninsu, har riba ta yi ƙaranci ƙwarai. Dole suka nemi masu saye a waje. To amma manyan ƙofofi biyu ba a buɗe suke ba. A 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan motocin Sin masu lantarki, Tarayyar Turai ita ma a watan Oktoba na shekarar ta ƙara musu harajin da ya kai kashi 35 ga wasu kamfanoni, ban da kashi 10 da ake biya tun asali. Saboda haka suka karkata zuwa Rasha, wadda kamfanonin Yamma suka fice daga cikinta a 2022, da Meksiko, da ƙasashen Tekun Fasha, inda kuɗin kwastam na mota kashi 5 ne kacal, kuma babu wata tsohuwar masana'antar gida da ake ƙoƙarin karewa.

Game da shawarar da ka nema, ba na cikin masu cewa duk motar Sin ba ta da ƙarko. Wannan magana ta tsufa, kuma wanda ya shiga sababbinsu ya san an samu ci gaba sosai. Amma kai sana'a kake yi da mota, don haka farashin da aka rubuta a gilashinta ranar saye ba shi ne dukan lissafinka ba. Kamfanin Abdul Latif Jameel yana wakiltar Toyota a ƙasar nan tun 1955, abin da ya sa kusan kowane bakanike a sina'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci, ya san cikin Camry, kayan gyaranta kuma ana samunsu sababbi da na hannu cikin yini guda. Shi ya sa idan ka kai ta kasuwar gwanjon motoci bayan shekara biyar take riƙe darajarta. Yawancin motocin Sin ba su kai wannan matsayi ba tukuna, kuma ƙorafin da aka fi ji a bakin masu su shi ne jiran kayan gyara bayan hatsari, da faɗuwar farashi idan an zo sayarwa. Direban da motarsa ta kwana makonni a gareji ya yi asarar abincin gidansa na waɗannan makonni, ko da garanti ya biya kuɗin gyaran. Kafin ka yanke hukunci, ka je wurin wakilin ka tambayi farashin fitilar gaba da bamba da kwanakin da ake ɗauka kafin su iso, sannan ka duba nawa ake sayar da irin motar mai shekara uku. Idan amsoshin sun gamsar da kai, ka saya hankalinka kwance.

Tambaya, daga wata Hajiya a Makka: Malam, ina jin labarai cewa cinikin motoci ya ja baya a Turai har ana rage ma'aikata. Idan haka ne, me ya sa farashi bai sauko mana a nan ba? 'Yata ta samu lasisi, muna neman ƙaramar mota, amma abin ya fi ƙarfinmu.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kuma tsare ta a hanya. Labarin da kika ji gaskiya ne. A ƙasashen Tarayyar Turai an yi rajistar sababbin motoci kimanin miliyan 13 a 2019, amma a 2023 da 2024 adadin ya tsaya a wajen miliyan 10 da rabi, kuma a watan Disamba na 2024 Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. Sai dai kasuwar mota ba guda ɗaya ba ce, kowane yanki da halinsa. A Amurka ana sayar da motoci kusan miliyan 16 a shekara, mafi yawansu manyan jif-jif da a-kori-kura. A Indiya kuwa ciniki hauhawa yake yi, har a 2022 ta wuce Japan ta zama kasuwa ta uku a duniya, kuma ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi irin na Maruti Suzuki ne ginshiƙinta. Motar da ta yi kwantai a Jamus ba ita ce ake kawo mana ba, domin yawancin abin da ke shigowa tashar Jidda da ta Dammam daga Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya da Tailan yake fitowa.

Tsadar da kike gani tana da nata dalilai na nan gida da na hanya. An fara karɓar harajin kayayyaki na kashi 5 a watan Janairun 2018, aka mayar da shi kashi 15 a watan Yulin 2020. A 2021 da 2022 an yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwamfuta da ke sarrafa mota, masana'antu suka rage aiki, farashi ya tashi, kuma da abin ya wuce bai koma inda yake ba. Daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka ƙara kuɗin dako da na inshora, har ma jirgin da 'yan Huthi suka kama a watan Nuwamba na shekarar, Galaxy Leader, na dakon motoci ne. A gefe guda kuma masu saye ƙaruwa suke yi, tun da aka bai wa mata izinin tuƙi ranar 24 ga Yunin 2018, kuma 'yarki tana cikin waɗanda suka faɗaɗa kasuwar. Inda masu nema suka yi yawa, dillali ba ya gaggawar sauke farashi. Abin da zan ce shi ne ku duba ƙananan motocin da ake ƙerawa a Indiya ko Sin, ku kuma jira rangwamen da wakilai suka saba yi a watan Ramadan da ƙarshen shekara. Idan biya kaɗan-kaɗan za ku yi, ku nemi a rubuta muku jimillar abin da za ku biya har ƙarshe, tare da babban kason da akan bari a wata na ƙarshe.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Madina: Malam, an ce Saudiyya ta fara ƙera motoci. Shin gaskiya ne, kuma hakan zai sa su yi araha?

Amsa: Ɗana, an fara, amma ya kamata a bambanta harhaɗawa da ƙerawa. A watan Satumba na 2023 kamfanin Lucid na Amurka, wanda Asusun Zuba Jari na gwamnatin Saudiyya ke da mafi yawan hannun jarinsa, ya buɗe masana'anta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig. A matakin farko sassan motar daga Amurka ake kawo su a haɗa, kimanin 5,000 a shekara, da burin kaiwa 155,000 nan gaba. Akwai kuma Ceer, kamfanin motoci masu lantarki, wanda aka sanar da kafa shi a watan Nuwamba na 2022 tsakanin asusun da kamfanin Foxconn na Taiwan, da kuma yarjejeniyar Oktoban 2023 da Hyundai ta kafa masana'antar motoci 50,000 a shekara. Ita wannan ta Hyundai ce na fi sa wa ido, domin irin motocin da talaka ke saye za ta shafa, alhali Lucid motar masu hannu da shuni ce.

Batun araha kuwa, kada ka sa rai da wuri. Mota ɗaya tana ɗauke da sassa dubbai, kuma ribar ƙera ta a gida ba ta fitowa sai an samu kamfanonin da ke yin gilashi da kujeru da wayoyi da tayoyi a kusa da masana'antar. Mu da muka fito daga Najeriya mun ga wannan darasi da idonmu. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, har 504 ta zama motar gwamnati da ta 'yan kasuwa, amma da yake yawancin sassan daga Faransa ake shigo da su, da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sai farashin ya gagari jama'a, motocin Kwatano suka cike gurbin. 'Yan'uwanmu na Sudan ma sun san masana'antar Giad da ke kudu da Khartum, inda aka riƙa harhaɗa motocin Hyundai kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Ƙasar da ta yi nasara a yankinmu ita ce Maroko: Renault ya buɗe masana'anta a Tanja a 2012, wata ta Peugeot ta biyo baya a Kenitra a 2019, kuma an jawo ɗimbin masu yin sassa suka zauna kusa da su, ga tashar jiragen ruwa da kasuwar Turai a bakin ƙofa. Saudiyya tana da kuɗi da wutar lantarki da tashoshin ruwa, kuma darajar riyal a ɗaure take da dala tun 1986, wanda ke kare ta daga abin da ya kayar da Kaduna. Abin da ya rage mata shi ne masu yin sassa da ƙwararrun ma'aikata, waɗanda ba a samar da su cikin shekara biyu ko uku.

Tambaya, daga wani Alhaji a Riyad: Ina son aika mota gida Kano. In aika mai lantarki, tunda an ce duniya can ta nufa?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, duniya ta nufi can amma ba tafiya ɗaya take yi ba. A Sin kusan rabin sababbin ƙananan motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne ko masu haɗa batir da fetur waɗanda ake jonawa da wuta, a Norwe kuwa kusan tara cikin goma, yayin da a Jamus cinikin masu lantarki ya faɗi a 2024 bayan gwamnati ta janye tallafi a watan Disamba na 2023. Ko a nan Riyad, inda ake burin kashi 30 na motoci su zama masu lantarki kafin 2030, kuma Tesla ya buɗe shago a watan Afrilun 2025, wuraren caji a kan dogayen hanyoyi ba su wadata ba. A Kano, idan gidanku ba shi da sola mai ƙarfi, motar za ta fi zama a ajiye. Ka aika mai haɗa batir da fetur irin Corolla ko Camry, wadda ba ta buƙatar a jona ta da wuta, kuma kafin ka loda ta a jirgi ka sa wakilin kwastam a Legas ya lissafa maka kuɗin fito a rubuce bisa shekarar motar da girman injinta.