Tambayi Likita: Sun Dawo Daga Fagen Daga, Me Ya Rage a Yi Musu?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, samarinmu da yawa sun sa kaki, wasu sojoji, wasu mustanfirin, wato fararen hula 'yan sa-kai da ke taya sojoji yaƙi. Tambayoyin wannan makon duk a kan waɗanda suka dawo gida ne.

Wata uwa daga Mairuno: Likita, ɗana ya dawo wata uku ke nan. Ba ya barci, a tsakar gida yake kwana zaune. Ko tayar raksha (babur mai ƙafa uku) ce ta fashe sai ya kwanta ƙasa. Ya daina cin abinci da 'yan'uwansa. Wasu sun ce iska ce.

Mama, Allah ya ba shi lafiya. Firgita da mugun mafarki a makonnin farko ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga abin da ya gani. Amma in an wuce wata guda abin bai lafa ba, ya zama ciwo, kuma yana da magani. Jikinsa ya daɗe yana kwana cikin shiri, har yanzu bai yarda an fita daga haɗari ba. Wannan ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba.

Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Zama ne za a riƙa yi ana tattaunawa, wani lokaci a haɗa da ƙwaya, wadda kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinta, don haka kada a yar da ita a mako na biyu. Addu'a da ruƙiya ku ci gaba da su. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, bai ɗauki malamai abokan gaba ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauri da duka.

A gida kada a matsa masa sai ya ba da labari, kada kuma a tashe shi daga barci ta hanyar taɓa shi, a kira sunansa daga nesa. In akwai bindiga a ɗakinsa, a mayar da ita wurin rundunarsa. Ki sa ido kan tramadol da ƙwayoyin barci na kasuwa, domin da su mutane da yawa ke danne abin, su ƙara wa kansu wata cutar. Ranar da kika ji yana cewa gara ya mutu, ranar za a kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Matar wani soja daga Gadarif: Maigidana mako uku yana zazzaɓi. Ya sha Coartem sau biyu, ya rame, cikinsa ta hagu ya kumbura.

'Yar'uwa, kada ya ƙara shan maganin maleriya ba gwaji. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga kumburin saifa, a ƙasar Gadarif kala-azar muke fara zargi. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ke kawo ta, kuma mai kwana a daji ba gidan sauro shi ya fi cizo. Da ɗigon jini ake gwadawa. Maganin da aka saba allurai biyu ne a haɗe, kwana 17. In an bar ta tana kisa, in an kama ta da wuri ana warkewa. In yana tari, a duba majinarsa saboda tarin fuka.

Wani mustanfir daga Damazin: Harsashin igwa ya faɗo kusa da ni. Kunnena na dama yana ƙugi, akwai ƙarfe a cinyata, kuma ba ni da takardar komai.

Sannu ɗan'uwa. Kada ka ɗiga mai ko ruwa a kunnen sai an leƙa, domin wataƙila dodon kunne ya huje. Yawanci yakan haɗe da kansa cikin 'yan watanni, amma a yi maka gwajin ji. Gutsuren ƙarfen in ba ya zafi ko ruwa, sau da yawa barinsa ya fi tono shi. Sai dai ka faɗa kafin a sa ka a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, maganaɗisunta na iya motsa shi. In an yi maka ƙarin jini a gaggauce, a gwada ka ciwon hanta da HIV.

Maganar takarda ta fi damuna. Kwamitin likitoci da ke ƙiyasta nakasa da takarda yake aiki, ba da tabo kawai ba. Ka koma wurin kwamandanka tun yana nan, ya rubuta ranar da wurin da aka ji maka ciwo, da sa hannu da hatimi. Ka nemi rahoto daga asibitin da aka fara duba ka, na soja ne ko na farar hula, ka tabbata sunanka iri ɗaya ne da na lambarka ta ƙasa. Kowace takarda ka ɗauke ta a waya, ka tura wa wani na gida, kuma in an nema a ofis kwafi za ka miƙa, ainihin ya zauna hannunka.