Muryar Inna kan maganar "ta bar sana'a ta huta"

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninku, ya yara? Na saurari muryar ɗiyata ta Yamai, wadda ta ce tunda Allah ya hore mata albashi so take mahaifiyarta ta bar ƙuli-ƙuli ta zauna ta huta, tsohuwa kuma ta ƙi, har rai ya fara ɓaci. Kin nemi shawara. To ni ma sana'ar nan nake yi a nan Maradi, da jikoki a gabana, bari in faɗa miki abin da na sani.

Allah ya yi miki albarka, niyyarki mai kyau ce. Amma kar ki raba ta da sana'arta. Wahalar za ki rage mata.

Aikin da nauyi, ba na musu. A soya gyaɗa ana juyawa a bakin wuta, a murje, a sheƙe, a kai inji. Sannan a zauna matsa, kana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan kana juyawa har mai ya taso, kafaɗa kamar za ta fita. Tunkuzar kuma sai an mulmula ta an soya, hayaƙi na cin ido. Duk wannan ta sani fiye da ke. To me ya sa ta ƙi bari?

Ɗan abin da take ƙullewa a bakin zane ne, ɗiyata. Jika zai tafi lakwal ya ce Inna dala ashirin, ta kwance ta ba shi. Yaro ya yi zazzaɓi da dare, ko da duba ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuɗin kabu-kabu zuwa likita fa? Biki ya taso a dangi, da me za ta yi gudummawa? Kina ganin kowane lokaci za ta ɗauki waya ta kira Yamai? Wallahi uwa ta gwammace ta kwana da buƙatarta da ta riƙa roƙon ɗiyar da ta haifa.

Kuma ki tuna 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Maza masu ɗauko kaya daga Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa, da yawansu zama suka yi. Gidaje nawa a unguwarmu man gyaɗa da fura da ƙosai na mata suka riƙe tukunya? Da ruwan daminar 2024 ya zubar da gidaje, wasu da kuɗin asusu suka tada katanga. Tsarin Mata Masu Dubara ma ai a yankin Maradin nan ya fara tun 1991, kowane mako mace ta zuba abin da ta samu, in ta matsu ta ci bashi. Wadda ba ta sana'a me za ta zuba? Can kuma ƙawayenta suke, can take jin wa ya haihu, wa ke kwance.

In kina son taimakonta, da kaka ki saya mata gyaɗa buhu-buhu tun tana araha, ta daina auno tiya-tiya lokacin tsada. Ki ɗauki kuɗin inji. Ki samo mai ƙarfi ta riƙa yi mata matsa ana biyanta, ita ta tsaya kan suya da ciniki. Ki kai ta a auna jininta, a duba idon nan.

Saura magana guda, ku yi mini haƙuri ƴan mata na cikin gurup ɗin nan. Kin ce ƙannenki na kawo mata yara tun safe sai magariba. Ni a ganina wannan ya fi gyaɗa gajiyar da ita. Goyo a baya, wani na jan zane, ga kaskon mai a wuta, rabin hankalinta na kan kar yaro ya faɗa. Ba za ta taɓa cewa a'a ba, jikokinta ne, tana son su. Ke ce babba, ki tara ƙannenki ku raba ranaku, ranar suya kowa ya riƙe nasa. Ki gaida min ita, ki ce ina nan zuwa Juma'a in na taso daga kasuwa.