Hazo ne ya sa layin awon gona ya tsallake magudanar ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Auyo ta Jihar Jigawa, ina auna wa manoman shinkafar rani gonaki, da rana da ƙaramin jirgi marar matuƙi, in aiki ya yi yawa kuma in zagaya da waya a hannu. A watan Maris na zagaya wata gona bayan magariba. Da na buɗe taswira sai ga layin ya haye magudanar ruwa, ya shiga gonar maƙwabci, ya dawo. Mai gonar ya ce hazo ne. Haka ne? In kuma da GPS jiragen alhazai ke tafiya, yaya ba sa ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Hazo dai a wanke shi. Ƙura ba ta tare siginar GPS yadda take tare ido.

Taurarin ɗan Adam na GPS na Amurka ne, sun kai talatin, suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Abin da kowanne ke aikowa shi ne lokaci da inda yake. Wayarka ta lissafa daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta mai da shi nisa, kuma sai ta ji daga huɗu kafin ta san inda kake. Saƙon na gudun haske, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa mita 300 ne a ƙasa. Kenan duk abin da ya ɗan jinkirta shi, ya matsar da kai.

Abu biyu nake zargi. Na kusa: rumfar injin ban ruwa mai rufin kwano, ko inuwar mangwaro. Sigina kan bugi kwano ya karkato, ya iso a makare. Na nesa kuwa yana can sama, wani ɓangare na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, wanda a yankinmu kan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Oktoba. Kada ka ɗauka namu ne kaɗai: a Mayun 2024 guguwar rana ta sa manoman Amurka da dama ajiye taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka.

Jirgin alhazai kuwa alƙali ne, ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Na'urarsa in ta samu taurari biyar za ta gane akwai mai ƙarya a cikinsu. In shida ne, sai ta nuna shi ta fitar da shi daga lissafi. Ban da wannan, a cikin jirgin akwai na'urar da ke jin kowace juyawa da kowane ƙarin gudu tun daga tashi, tana lissafin inda aka kai ba tare da ta saurari kowa a waje ba. Ita ma kan zame a hankali, amma ba ta tsalle. Tsayi kuma daga matsin iska ake auna shi, ga tashoshin rediyo na ƙasa, ga masu kula da zirga-zirgar jirage. A 'yan shekarun nan matuƙa na yawan cin karo da toshe sigina a gabashin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya, har da siginar jabu. Wannan ta fi muni, don shaidar zur ce: na'ura na ganin lafiya lau alhali an kai ta wani gari. Sauran shaidun ne ke tona ta.

Waɗanda suka fi kama da kai su ne masu gasar jirage marasa inji, masu shawagi kamar shirwa. Da layin GPS ake ba su maki. Fayil ɗinsu, da ake kira IGC, kowane ɗigo a cikinsa na ɗauke da lokaci, wuri, tsayi iri biyu (na matsin iska da na tauraro), da harafi ɗaya: A in wurin ya cika, V in da rauni. Manhajar maki kan duba ɗigo da wanda ke gabansa. In lissafi ya nuna jirgi ya yi gudun da ba zai yiwu ba cikin daƙiƙa guda, sai ta watsar da ɗigon ta haɗa na kirki biyu. Fayil ɗin ma da hatimin lantarki a ƙarshe, don kada wani ya gyara layinsa a gida.

Kai ma haka za ka yi. Mai tafiya a ƙafa ba ya haye magudana ya dawo cikin daƙiƙa biyu, to goge waɗannan ɗigon kafin manhaja ta fitar da hekta. Ka riƙa awo da hantsi. Ka tsaya minti ɗaya a kowace kusurwa, ka duba lambar da ke nuna mita nawa waya ke shakka. In ta haura biyar, jira. Wayar da, ban da GPS, ke jin taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin ta fi shaidu yawa.

Ita wannan gona dai ka koma ka sake zagaya ta sau biyu, mai gonar da maƙwabcinsa suna tsaye a kan kunya.