Kada Ka Soke Soron Nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni ranar Talata, ƙanwarka ce ta karanto mini daga waya, na sa ta maimaita. Ka ce Allah ya hore maka fuloti a bayan gari, mai zanen gida ya kawo maka takarda, ka duba ba ka ga soro ba, da ka tambaye shi ya ce soro ɓarnar fili ne, gara a sa get da gareji, baƙo ya wuce falo kai tsaye. Shi ne kake tambayata: shin soro addini ne ko al'ada, kuma me ya sa a gidan kakanka na Gwale sai mutum ya ratsa soro har uku kafin ya ga tsakar gida? Na ji daɗi da ka tambaya tun ba a haƙa harsashi ba.

Soro al'ada ce. Babu malamin da zai ce maka gida marar soro haramun ne. Abin da yake addini shi ne neman izini: a Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, kuma Annabi (SAW) ya ce neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. To, mai neman izinin nan a ina zai tsaya? A rana? A kan hanya mutane na ratsa shi? Kakanninmu sai suka gina masa wuri mai inuwa da tabarma da buta, inda zai jira da mutuncinsa, matan gida kuma su ci gaba da harkarsu da nasu mutuncin. Mu Kanawa muka ce soro, wasu garuruwan suka ce zaure.

Ka tuna yadda gidan yake, ko da yake kana ƙarami aka rushe gabansa. Daga waje akwai dakali hagu da dama. Soron farko babba ne, rufinsa ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa ne suke ɗauke da shi, ƙofarsa ba a rufe ta sai bayan lisha. Kowa na iya shiga nan, sananne da baƙo. Ka fita daga shi sai ka tarar da ɗan fili da ɗakunan samari, inda ni da mahaifinka muka kwana shekara da shekaru. Sai soro na biyu, na 'yan'uwa da aminai. Na uku shi ne shigifa, wanda namiji baligi ba ya wuce shi sai muharrami. Abin da nake so ka lura da shi, ƙofofin nan uku ba sa kallon juna. Magini da gangan yake karkatar da su, in ta farko tana tsakiya sai ya kai ta biyu gefe, don idon wanda ke waje ya tsaya a jikin bango. Ba a taɓa cewa baƙo ya runtse ido ba, ginin ne ya ɗauke masa wannan nauyin. In mutum ya zo, yaro yake samu ya ce, shiga ka ce ana sallama da maigida. Yaron ya dawo ya ce, wai yana zuwa. Ko ya ce, wai ba ya nan, shi ke nan ba wanda ya ji kunya.

A soron farkon nan aka ɗaura auren iyayenka, a nan aka raɗa maka suna da sassafe ana raba goro. A nan muka yi zaman makokin kakanka. Da asuba almajirai ne a ciki da allunansu, da hantsi masu ɗinkin hula, da almuru kuma ciyayya. Wannan ciyayyar ita na fi kewa. Bayan magariba kowane magidanci a lungun sai a fito masa da akushinsa, a jera a tsakiya, a buɗe su gaba ɗaya. Wani tuwon dawa miyar kuka, wani tuwon shinkafa, wani kuwa ranar gidansa ba a ɗora tukunya ba, amma ya zo ya zauna ya sa hannu kamar kowa. Kakanka yana lura. Bai taɓa yin magana ba, sai dai washegari ka ga an aiki ɗayanmu da kwaryar hatsi ta ƙofar baya. Ka gaya mini, a falon da ke bayan get, ta yaya za ka san maƙwabcinka ya kwana da yunwa?

Birnin ma haka aka tsara shi, kamar gida ɗaya babba. Badala ita ce katangarsa, ƙofofi su ne sorayensa. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, bayansa Muhammadu Nazaki ya ƙara. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, da ƙyaure mai nauyi da ake rufewa in dare ya yi. Ayarin da ya makara sai ya sauke kaya a waje, ya jira gari ya waye a san ko su wane ne, daga ina, wurin wa suka zo. Ai ka ga sallama ce, ta gari guda. Da Turawa suka zo a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, sai da suka sa igwa kafin su shiga ta wajen Ƙofar Kabuga, kuma Gwamna Lugga, shugaban Turawan, da kansa ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, bai ga irinta a Afirka ba.

Ni na hau ta. Muna yara, bayan an tashi daga makarantar allo ranar Laraba da yamma, mukan bi ta Ƙofar Na'isa mu haye badala mu yi ta tafiya a kanta har wajen Gadon Ƙaya. Daga sama kana ganin Dala da Goron Dutse, kana ganin gonakin gero da dawa a cikin ganuwar kanta, domin waɗanda suka gina ta sun bar fili yadda ko an yi wa gari ƙawanya ba za a rasa abinci ba. A lokacin ma ta fara zaizayewa, tunda an daina gayyar gyaranta, amma tana nan da kwarjininta. Ƙofar Na'isa kuwa, da hannunka za ka shafa bangonta ka ji sanyin ƙasa ko da tsakar rana. A 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ranar da na je na ga filin, na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba. Badalar kuma ba mutum ɗaya ya cinye ta ba. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi yaɓe, wancan ya yanka fuloti, wani ya kafa shago ya jingina da ita, mu kuma muna wucewa muna kallo.

Ba ita kaɗai ba ce. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da hasumiyarsa ban riske shi ba, kakanka ne yake ba mu labari. Wanda ka sani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina shi. Dalar gyada kuwa na gan ta da idona a wajen Ƙofar Mazugal, buhu kan buhu, dala ɗaya takan ci buhu kusan 15,000, 'yan dako suna hawa da buhu a ka suna waƙa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyada ya buɗe, su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi suna a kansa. Fari da cutar gyada da kuɗin man fetur suka haɗu a shekarun 1970 suka tafi da ita. Sai kududdufai, waɗanda yaran yanzu suke ɗauka ƙazanta ce kawai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birni, su kuma suke shanye ruwan damina. An cike su an yi gini a kai, yanzu in aka yi ruwan awa biyu sai ya rasa inda zai nufa, ya shiga ɗakunan mutane.

Kada ka ɗauka ina cewa ka yi ginin ƙasa. Na san wahalarsa fiye da kai. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe inda ya tsage, in aka yi sakaci shekara biyu sai ka ji rufi ya rufto a watan Agusta. Amma ka san abin da ake nufi da gwaninta a wancan ginin. Ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, ƙasansa faɗi samansa tsini, a shanya. Azara daga giginya ake tsaga ta, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Sai a ɗora zankwaye a kusurwoyi, mai hali ya sa a yi masa zanen dagi a saman ƙofa. Ɗakin da aka yi haka, da bazara sanyi, da hunturu ɗumi, ba fanka ba janareta. Magina suna da sarkinsu, kuma sana'ar gado ce. Wanda ya yi mana yaɓen ƙarshe a gidan Gwale tsoho ne tukuf, 'ya'yansa duk sun koma aikin bulo, ya ce da ni, Alhaji, in na mutu ban san wa za ku kira ya ɗaure muku guga ba. Bai shekara biyu ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Saboda haka ga shawarata. Yi gininka da bulo da siminti da kwano yadda aljihunka zai ɗauka. Amma ka koma wurin mai zanen nan ka ce ya fitar maka da ɗaki ɗaya a gaba, ko ƙafa 10 a kan 12 ne, mai ƙofa ta waje da ba sai an buɗe get ba, da wata ƙofar ta ciki wadda ba ta saiti da ta farko. Ya sa famfo a gefe don alwala, ya yi dakali a waje. In ya ce fili bai isa ba, a rage falon. Kujerun falo sau nawa ake zama a kansu a wata? Mota kuwa rumfar kwano ta ishe ta. Sabuwar unguwa za ka shiga, kowa baƙon kowa ne, kuma na ga yadda irin waɗannan unguwannin suke, mutum ya shekara biyar bai san sunan wanda suka haɗa katanga da shi ba. Gidan da ya fara shimfiɗa tabarma a soro, nan dattawan layin za su fara taruwa, nan za a fara sasanta rigimar yara, nan za a kawo maganar gyaran kwata da ta masallaci. Ina so gidan ya zama naka. Sannan kana da 'ya'ya mata biyu. Yau ƙanana ne, amma ranar da za a fara sallama da su tana tafe, kuma gara mai zuwa zance ya zauna a soronka inda ƙannensu ke kai da kawo, da ya tsaya da mota a bakin layi.

Ranar Asabar in kana da sarari ka zo ka ɗauke ni da hantsi, ka taho da takardar zanen da yaran. Mu fara da Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake ciki har yau, ka ɗaga kai ka ga yadda ake ɗaure rufi ba ƙarfe ba siminti. Daga nan mu tsaya a Ƙofar Kudu ka ƙirga sorayen da talaka yake ratsawa kafin ya isa gaban Sarki. In ƙafata ta yarda, mu ƙarasa wajen Dukawuya in nuna muku abin da ya rage na badala, yaran su taɓa da hannunsu.

Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce na ga saƙon zuma, Allah ya yi albarka.

Baffanka.